Ƙamshin Baƙin Mai

Ganin farko da Auta ta yi wa Dogo, ba ta ma gan shi da kyau ba. Ina za ta gan shi, alhali Malama ta ɗora mata tabarau da aka shafe gilashinsa da man shafawa, ta cusa mata auduga a kunne, ta ɗaura mata jakunkunan yashi a ƙafafu? Abin da ta hango kawai wani dogon abu ne mai farar riga yana tangaɗi a gabanta.

Ranar ce ranarsu ta farko a sashen nazarin tsufa da kula da tsofaffi na jami'a. Malamar da ke koyar da su, wata gajeriyar mata mai faɗa da yawan dariya, ba ta buɗe littafi ba. Cewa ta yi, “Yau kowa zai tsufa, gobe ma yi karatu.” Ta haɗa su biyu-biyu, ta ba kowane biyu sanda guda ɗaya, ta ce su sauka matakala su je ƙarshen baranda su dawo.

Dogo ya miƙa wa Auta ƙarshen sandar, shi ya riƙe ɗaya ƙarshen.

“Riƙe da kyau, tsohuwa,” in ji shi da ƙarfi, don shi ma kunnensa a toshe yake. “In kika faɗi ba ni da ƙarfin ɗaga ki.”

“Kai dai ka kula da kanka, tsoho. Ai da ganin tafiyarka ka girme ni.”

Haka suka sauka, mataki bayan mataki, suna haki suna dariya, 'yan wasu sassa na wucewa suna kallonsu kamar sun ga mahaukata. Da suka dawo aji aka cire musu kayan, Auta ta goge idonta ta ɗago. Sai a lokacin ta ga fuskarsa sosai, shi ma ita yake kallo, sandar na hannunsu har yanzu, kowa ya manta bai saki ba.

Malama ta ce, “Ku biyun can, tsufa ya ƙare, a maido min da sandata.”

Allah sarki, wannan lokaci. Wanda ya san sashen nan a shekarun ba zai manta shi ba: aji ɗaya a ƙarshen gini, fanka mai ƙara, gadon asibiti a kusurwa da wani mutum-mutumin roba da suke koyon juya marar lafiya a kansa. 'Yan sashen likitanci suna musu dariya, wai digirin wankin tsofaffi suke yi. Su kuwa ko a jikinsu. Auta saboda kakarta ta zaɓi karatun. Dogo kuma kakansa ne ya rene shi, ya rasu a gadon asibiti babu wanda ya san yadda zai yi masa magana ya fahimta, abin ya tsaya masa a rai.

Sunayen ranar farko suka bi su. Shi Tsohona, ita Tsohuwata. Tare suke zuwa gidan kula da tsofaffi inda ake tura su koyon aiki, tare suke yanke wa tsofaffi farce, suna sauraron labari ɗaya sau ba adadi kamar yau suka fara ji. Dogo yana da wani tsohon keke da sarƙarsa ba ta yini ba ta zame ba, kullum hannunsa da baƙin mai. In sun rabu da yamma, kafin Auta ta isa gida saƙo ya riga ta.

“Tsohuwata, kin isa lafiya? Yau da kika sunkuya kina ɗaura wa dattijon nan takalmi, sai na ji ina ma ni ne na tsufa.”

Ita kuma ta mayar: “Kar ka yi gaggawa, Tsohona. In lokacin ya zo ni zan ɗaura maka, amma sai ka fara wanke hannun nan naka.”

Baban Auta shugaban makaranta ne da ya yi ritaya, mutum mai tsare gida, wanda duk unguwa ta san ba a yi masa kwana-kwana a magana. Da Mama ta tsegunta masa zancen Dogo, ya ajiye jarida ya ce, “Ita karatun tsofaffi, shi karatun tsofaffi. Wa zai ɗauke su aiki? Ga ɗan abokina likita, ya nuna yana so, yaro mai hankali.” Likitan kuwa, gaskiya ba shi da aibu. Yana da mota, yana da ladabi, yana gaida Mama har ƙasa. Laifinsa ɗaya, zuciyar Auta ba ta wajensa.

Da ƙyar Mama ta shawo kan Baba ya yarda Dogo ya zo ya gaishe shi.

To, a gidan akwai Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ciwon mantuwa ya kama. Mijinta direban jirgin ƙasa ne, kowa Direba yake ce masa, ya rasu tun Auta ba ta iya tafiya ba. Amma kullum rana ta yi sanyi sai Kaka ta yafa mayafinta, ta zauna a kujerar da ke kusa da tagar falo, ta tambayi duk wanda ya gitta, “Direba ya dawo?”

Kullum kuma Baba ne ke amsawa. Ya durƙusa a gabanta cikin ladabi ya ce, “Inna, Baba ya rasu. Ya daɗe da rasuwa.” Sai Kaka ta dafe ƙirji ta fashe da kuka, kukan wadda aka kawo wa labarin yanzu-yanzu. Ta yi har ta gaji, ta manta, gobe a sake.

Auta ta sha roƙonsa. “Baba, don Allah ku daina faɗa mata. Kullum sabuwar mutuwa take ji.”

“Me kike so in ce mata? Na yi shekaru ina koyar da 'ya'yan mutane ban yi wa ko ɗaya ƙarya ba, sai mahaifiyata zan fara da ita?”

Ranar da Dogo zai zo ya sa rigarsa mafi kyau, har da turare na aro. Amma keken nan bai san ranar girma ba. A bakin layin su Auta sarƙa ta zame, ya tsuguna ya mayar da ita, ya goge hannu da hankici iya ƙoƙarinsa. Baƙin ya ragu, warin man yana nan.

Auta ta shigar da shi falo, ta tafi kiran Baba. Kaka na zaune a bakin taga da mayafinta. Dogo ya durƙusa gabanta zai gaishe ta, sai ta ja numfashi, ta sake ja, ta kamo hannun rigarsa. Fuskarta ta washe gaba ɗaya, kamar an kunna fitila a ɗaki.

“Ka dawo?” ta ce a hankali.

Dogo ya san ƙa'ida. Malama ta nanata musu ita har sun haddace: kar ka musa wa mai ciwon mantuwa, kar kuma ka yi masa ƙarya. Amma ƙa'ida a aji daban, idon tsohuwa cike da murna daban. Tausayi ya rufe shi, ya ji bakinsa ya ce, “Na dawo.”

“Sannu da hanya,” in ji Kaka, hawaye na zubo mata tana murmushi. “Na ce musu za ka dawo, suka ce wai ka mutu.”

A daidai nan Baba ya shigo, Auta na bayansa. Ya ji komai. Bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗaga murya, abin da ya sa ake tsoronsa ke nan.

“Samari, tashi. Yau ka fara shigowa gidana, ka zauna a matsayin mahaifina da ke kabari, ka yi wa mahaifiyata ƙarya. In wannan ne karatun naku, na gode. Ga hanya nan.”

Dogo ya fita yana jan kekensa, ko hawa bai iya yi ba.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma abin mamaki, Kaka da ke manta ta ci abinci, wannan ba ta manta ba. Tambayarta ta canza. Kullum da yamma sai ta ce, “Ya dawo, kuka kore shi. Me ya yi muku?” Ta daina cin abincin kirki, ta dinga miƙewa za ta bi shi, sai an kulle ƙofa. Auta ta ga yadda kakarta ke ramewa, ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma da Dogo ya ɓaci.

Ta rubuta masa: “Ka san ƙa'ida ka take ta. Kai ka faɗi kalma ɗaya ka tafi, mu aka bari da kukan. Don Allah ka ƙyale ni tukuna.”

Ya amsa: “Na yi kuskure, Tsohuwata, ba ni da abin cewa. Na ga farin cikinta ne na kasa. Zan ƙyale ki tunda kin ce, amma ki sani ina nan inda kika bar ni.”

Da ya kai wa Malama labarin da kansa, ba ta rage masa komai ba. Ta cire tabarau ta ce, “Ka ba ta abin da ba za ka iya sake ba ta gobe ba. Shi ya sa muke hanawa, ba don mun fi ka taurin zuciya ba.”

Zangon karatun ya yi musu tsawo. Suna aji ɗaya, ita a gaba, shi a can baya, ko gaisuwa sai ta ido. A gidan tsofaffi har wata dattijuwa ta tambayi Auta, “Ina dogon naki? Kun yi faɗa ko?” Auta ta yi murmushin dole ta ci gaba da taje mata gashi.

Likita kuwa ya samu ƙofa. Ya riƙa zuwa gidan, ya duba Kaka da kyakkyawar niyya, ya rubuta maganin da zai kwantar mata da hankali. Hankalin ya kwanta, sai dai Kaka ta koma barci dare da rana, ko Auta ba ta yi wa tsiyar da ta saba. Baba ya dubi mahaifiyarsa kwance kamar ba ita ba, ya ce a rage maganin. Aka rage, tambayar yamma ta dawo irin ta da. Ana haka Likita ya fara maganar turo manyansa, Baba ya ce a bari Auta ta gama jarrabawa. Auta ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta, ta ɗauki waya ta ajiye ya fi a ƙirga.

Wata rana da yamma motar Baba ta ƙi tashi a ƙofar gida. Shi kuwa ba ya son kiran makanike kan abin da yake ganin ƙarami ne. Ya cire hula da tabarau, ya naɗe hannun riga, ya buɗe gaban mota ya yi ta taɓe-taɓe har ta tashi. Ya shigo falo zai wuce ya wanke hannu, baƙin mai har gwiwar hannu.

Kaka na bakin taga. Ta ja numfashi, ta ɗago.

“Ka dawo?”

Baba ya durƙusa kamar kullum, amsarsa na bakinsa. Amma kafin ya furta, Kaka ta kamo hannayensa biyu ta ɗora a cinyarta, ta shiga goge su da gefen mayafinta, yatsa bayan yatsa.

“Kullum sai ka ɓata hannu,” ta ce tana 'yar dariya. “Ka gaji ko? Bari in sa a kawo maka shayi.”

Rabon da Baba ya ga wannan fuskar tun yana ɗan firamare, lokacin da yake laɓewa bayan ƙofa yana kallon iyayensa. Ya buɗe baki zai ce Baba ya rasu, maganar ta ƙi fita. Ya so ya ce na dawo, ita ma ta ƙi. Haka ya zauna har ta gama goge masa hannu, sannan ya tashi ya fita tsakar gida, ya juya wa kowa baya. Auta da ke tsaye da faranti ta ga kafaɗunsa na rawa.

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Auta, kira min yaron nan.”

Ta ɗauki waya ta rubuta: “Tsohona, Baba yana nemanka gobe da yamma. Ka zo a ƙafa, kar ka taɓa keken nan.”

Amsa ta shigo nan take: “Ko da rarrafe ne zan zo. Kin kira ni Tsohona, kin lura?”

Washegari Dogo ya zo, hannunsa ya sha sabulu har ya yi fari. Baba ya zaunar da shi a tsakar gida.

“Abin da ka yi ranar nan kuskure ne,” in ji Baba.

“Kuskure ne, Baba. Ku yafe min.”

“Jiya na kusa yin irinsa.” Baba ya murza goshi. “Ƙarya ba zan yi mata ba. Amma na gaji da kashe mahaifina kullum da bakina. Me ake cewa? Me aka koya muku?”

“Baba, ba sai kun amsa tambayar ba. Kewarsa take yi, shi ya sa take tambaya. Ku ce ta ba ku labarinsa.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan aka koya mana. Ni ma ranar da ya kamata in yi, na kasa.”

Auta na jin su daga bakin kicin. Ita ma ta sha faɗa wa Baba makamancin haka, amma ta bar su, don ta san sai yanzu kunnensa ya buɗe.

Rana ta yi sanyi, Kaka ta yafa mayafi. Baba ya ja kujera ya zauna kusa da ita, Dogo da Auta suka tsaya nesa, inda ba za ta lura da su ba.

“Direba ya dawo?”

Baba ya matso kusa. “Inna, kina kewarsa ko? Ba ni labarinsa. A ina kika fara ganinsa?”

Kaka ta dube shi kamar baƙo mai kirki, ta gyara zama.

“A tasha mana. Na raka yayata, ya leƙo ta tagar inji, fuska duk baƙi, haƙora kawai ake gani. Na yi dariya, ashe ya gan ni. Mahaifina ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai warin inji ba. Ƙanensa ne ya tsaya mana. Mahaifina kuwa ya yi fushi, ya yi shekaru bai taka gidana ba.”

“Daga baya fa?” in ji Baba, muryarsa ta yi ƙasa. Bai taɓa jin wannan ba.

“Daga baya ya tsufa, ƙafa ta mutu. 'Ya'yansa maza kowa na harkarsa. Direba ne ya ɗauko shi a bayansa ya kawo shi gidanmu. Shi ke masa wanka, shi ke juya shi. Ranar da zai cika ya riƙe hannun nan mai baƙin mai ya ce, na ɓata mana shekaru a banza.” Ta share ido, amma ba irin kukan kullum ba ne. Sai ta yi dariya. “Ina da ɗa guda, ka san shi? Shugaban makaranta ne. Taurin kan kakansa ya ɗauko kaf. Amma zuciyarsa fara ce, sai dai ba ya so a gani.”

Baba ya sunkuyar da kai ya daɗe. Ranar Kaka ta ci abincinta ta cinye.

Da Dogo zai tafi, Baba ya raka shi har bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi wa Likita ba. Ya ce, “Ka gama jarrabawarka, ka turo manyanka. Abokina, baban Likita, ni zan ba shi haƙuri da kaina. Keken nan kuma ka sayar da shi, don Allah.”

Bayan sun karɓi sakamako aka yi auren. Falon nan ya cika da dangi da 'yan ajinsu, Malama ta zo da kyauta a naɗe cikin takarda, da aka buɗe sai ga sandar nan ta ranar farko. Kafin a tafi da amarya, aka kawo su gaban Kaka su yi sallama. Ba ta gane Auta ba, amma ta shafa kanta, ta dubi Dogo sama da ƙasa.

“Wannan naki ne, ƙawata?”

“Nawa ne, Kaka.”

“Dogo ne irin nawa. Ki riƙa jiransa a bakin taga, amma kar ki bari ya san kin jira. Allah ya ba ku tsufa tare.”

Kowa ya ce amin, Baba ya fi kowa daɗewa da hannu a fuska.

An daɗe da yin wannan. Kaka ta rasu cikin barcinta da shekara ta zagayo, ba ta ƙara jin labarin mutuwar Direba ba. Sashen da ake wa dariya yanzu gini guda ne, Auta ce ke ɗora wa sababbin ɗalibai tabarau mai man shafawa, Dogo kuma ke riƙe da gidan tsofaffin da suka koyi aiki. Furfura ta fara masa, tabarau ɗinsa na gaske ne, sandar Malama na jingine bayan ƙofar ɗakinsu tana jira.

Bayan rasuwar Mama suka ɗauko Baba ya dawo gidansu. Shi ma yanzu in rana ta yi sanyi sai ya sa hularsa ya zauna a bakin taga ya ce, “Inna ta tashi?” Dogo ya ja kujera ya ce, “Baba, ku ba ni labarinta.” Baba ya yi ta bayarwa, Dogo na yanke masa farce.

Kwanan nan da ya gama labarin, ya tsaya yana kallon Dogo, kallon wanda bai san shi ba.

“Kai ɗan wane ne? Kana da kirki. Da ina da 'ya budurwa, da na ba ka.”

Auta na tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi. Dogo ya riƙe hannun tsohon a cikin nasa.

“Ai kun riga kun ba ni, Baba.”

“To, madalla,” in ji Baba, ya gyara hularsa. “Ashe na yi hankali. Allah ya yi muku albarka.”